Tambayoyi da Amsoshi Kan Duba Idon Ƙananan Yara: Harara-garke da Raunin Ganin Ido Ɗaya

An tsara waɗannan amsoshi domin iyaye, malaman nazire da firamare da Islamiyya, da ma'aikatan lafiya na asibitocin sha-ka-tafi a Jihar Kebbi. Ba su maye gurbin ganin likitan ido ba. Manufarsu ita ce a san yaron da ya kamata a kai, da lokacin da ya kamata a kai shi.

Mene ne raunin ganin ido ɗaya, kuma ina bambancinsa da harara-garke?

Ba a haifar jariri da cikakken gani. Ido yana ɗaukar hoto, amma ƙwaƙwalwa ce ke koyon fahimtar hoton, kuma wannan koyo yana gudana ne daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idan a cikin waɗannan shekaru ido ɗaya yana aika hoto mai hazo, ko hoton da ya saɓa da na ɗan'uwansa, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta riƙe na idon da ya fi kyau. A fili idon yana nan garau, amma hanyar da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa ba ta ginu ba. Likitoci suna kiran wannan ambiliyofiya, kuma tana samun yara kamar 2 zuwa 3 a cikin kowane 100.

Harara-garke kuwa ita ce idanu biyu su ƙi kallon wuri ɗaya: ɗaya yana kan abin da ake kallo, ɗayan ya karkace wajen hanci, ko wajen kunne, ko sama, ko ƙasa. Babba idan idonsa ya karkace sai ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Yaro ƙarami ba ya daɗewa a haka, domin ƙwaƙwalwarsa tana toshe hoton idon da ya karkace, kuma wannan toshewar ce ke kai shi ga raunin gani.

To amma karkatar ido hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi uku da ke kai yaro ga raunin gani. Ta biyu ita ce idanun su bambanta a lambar tabarau da suke bukata, ɗaya yana gani tangaran, ɗayan dishi-dishi. Ta uku ita ce wani abu ya tare haske: yanar ido da aka haifi yaro da ita, tabo a gaban baƙin ido bayan ƙyanda ko rauni, ko fatar ido ta sama da ta sauko ta rufe tsakiyar idon. Ta ukun nan ta fi gaggawa. Ta biyu kuwa ta fi ɓuya, don idanun a tsaye suke, babu abin da uwa za ta gani.

Ɗana yana wasa, yana gudu, bai taɓa cewa ba ya gani ba. Don me za a duba shi?

Don ba zai faɗa ba. Yaron da ya taso da ido ɗaya mai kyau yana ɗauka haka kowa yake gani. Zai tsinci ƙwayar gero a ƙasa, zai hango babansa daga ƙarshen layi, duk da ido ɗaya. Ba a gane matsalar sai an rufe idon mai kyau an gwada ɗayan shi kaɗai, kuma a yawancin gidaje ba a taɓa yin haka ba.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne gaba. Mutumin da ya girma da ido ɗaya mai aiki, ranar da kara ya soke shi a gona, ko tsakuwar harbin danƙo ta same shi, ko hawan jinin ido ya kama shi da girma, ba shi da na biyu da zai dogara da shi. Ga kuma wahalar auna nisa da zurfi, da ayyukan da ake gwada ganin kowane ido daban kafin a ɗauki mutum.

A wane shekaru ya kamata a duba?

Ba sai an ware wata tafiya ta musamman ba a shekarar farko, tunda ana zuwa rigakafi. A duba idon jariri ranar haihuwa ko ranar allurar BCG, a sake a zuwan mako 6, sannan a mako 14, sannan a wata 9 lokacin allurar ƙyanda. A waɗannan zuwa ana duba jan hasken cikin ido, wato hasken da ke dawowa daga tsakiyar ido in an haska shi, da yadda idanun suke tsaye, da ko jaririn yana kafa ido a fuskar uwarsa yana bin ta. Jariri mai lafiya yana fara wannan bi ne wajen wata 2 zuwa 3.

Babban gwaji shi ne na tsakanin shekara 3 zuwa 5, lokacin da yaro zai iya nuna abin da ya gani a allon gwaji. Kowane yaro, ko da ba a zargin komai, ya kamata a auna ganin idonsa na dama da na hagu daban-daban aƙalla sau ɗaya kafin ya shiga aji ɗaya na firamare.

Wasu yaran ba a jira da su: bakwaini, wanda ya kamata likitan ido ya duba bayan idonsa kafin ya cika wata ɗaya, yaron da iyayensa ko yayyensa suke da harara-garke ko suka sa tabarau mai kauri tun suna ƙanana, yaron da ya jinkirta zama ko tafiya, ko mai shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, da wanda a danginsu aka taɓa samun jariri mai yanar ido ko kansar ido.

Jaririyata 'yar wata biyu ce, idonta yakan karkace jefi-jefi. In damu?

Idan jefi-jefi ne, na 'yan daƙiƙu, kuma ba ta kai wata 4 ba, wannan ba baƙon abu ba ne, tsokokin idon ne ba su gama daidaita ba. Idan kuwa idon a karkace yake kullum, ko da kwananta 10 a duniya, a kai ta. Bayan wata 4, kowace irin karkata tana bukatar dubawa.

Akwai kuma jariran da ake yi wa kallon masu harara-garke alhali ba su da ita. Karan hancinsu mai faɗi ne, fatar lungun ido ta rufe farin da ke gefen hanci, sai a ga kamar idon ya shige ciki, musamman in sun kalli gefe. Gwajin tocila da za a bayyana a ƙasa yana raba wannan da karkata ta gaskiya. Amma kada a yanke hukuncin a gida a ce ai hanci ne. A bari ma'aikacin lafiya ya gwada.

Yaya ake gwajin jan hasken cikin ido?

Ana yin sa da ƙaramar na'urar leƙa ido, irin wadda likita ke riƙewa a hannu. Akwai mai sauƙin kuɗi mai suna Arclight wadda ake cajinta da hasken rana, ta dace da ƙauyen da ba wuta. A rage hasken ɗaki, a saki labule, domin baƙin tsakiyar ido ya buɗe. Uwa ta riƙe jariri a tsaye a ƙirjinta ko a cinyarta, don jariri ya fi buɗe ido in an ɗaga shi fiye da in yana kwance. Mai gwaji ya tsaya nisan kamu ɗaya, kamar santimita 45, ya leƙa ta cikin na'urar, ya haska kowane ido, sannan ya ɗan ja baya ya haska duka biyun tare.

Abin da ake so a gani shi ne haske mai ruwan ja ko ruwan lemo yana dawowa daga tsakiyar kowane ido, iri ɗaya a launi da ƙarfi. A yaranmu masu duhun fata hasken yakan fito da ɗan duhu, ko ya yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, saɓanin jan da ake gani a hotunan littattafan koyarwa. Wannan yana rikita sababbin ma'aikata, su tura lafiyayyu ko su saki marasa lafiya. Dabarar ita ce a fara leƙa idon uwar, a ga launin nata, sannan a gwada da na jaririn. Abin tura yaro asibiti shi ne fari a tsakiyar ido, ko baƙin ɗigo a cikin hasken, ko rashin hasken gaba ɗaya, ko ido ɗaya ya fi ɗaya haske.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwadawa a fili cikin hasken rana. Baƙin tsakiyar idon yana tsukewa, ba a ganin komai, sai a rubuta cewa lafiya.

Da tocila kaɗai za a iya gane karkata?

Za a iya gane mai yawa. A riƙe ƙaramar tocila daidai karan hancin yaro, nisan santimita 33 ko kusa da haka, a ja hankalinsa ya kalli hasken. Za a ga ɗan ɗigon haske a kan kowane ido. Idan idanun daidai suke, ɗigon yana faɗawa wuri ɗaya a duka biyun, kusan tsakiya, ya ɗan kauce kaɗan wajen hanci. Idan a ido ɗaya ɗigon ya koma gefen kunne, idon ya karkace ciki. Idan ya koma gefen hanci sosai, idon ya karkace waje. Ɗigon da ya sauka a bakin baƙin tsakiya yana nuna karkata ta kusan digiri 15, wanda ya kai iyakar baƙi da fari kuwa kusan digiri 45.

Ƙaramar karkata takan kuɓuce wa tocila, shi ya sa ake bin ta da gwajin rufewa. A ba yaro abin kallo mai ƙananan zane, ɗan abin wasa ko hoto, ba haske ba, domin sai ya dage wajen ganin ƙaramin abu wata karkatar take fitowa. A rufe idon dama da kati, a zuba wa na hagu ido. Nan ne ake yawan kuskure: idon da aka bari a buɗe ake kallo, ba wanda aka rufe ba. Idan na hagun ya motsa don ya kama abin kallon, to da ma ba a kansa yake ba. In ya motso waje, a ciki yake. In ya motso ciki, a waje yake. A cire katin, a dakata daƙiƙa biyu ko uku, a yi wa ɗaya idon haka. A yi gwajin a kusa, a sake yi da abu mai nisa kamar mita 6, don akwai karkatar da ba ta bayyana sai an kalli nesa.

A lura da halin yaron ma. Wanda ya bari aka rufe masa idon hagu ba gardama, amma da an rufe na dama sai kuka da fizge-fizge, yana gaya mana da na daman yake gani.

Yaron da bai iya karatu ba, yaya za a auna ganinsa?

Ba a bukatar karatu. Akwai allo mai alamar E da ke juya ƙafafunta sama, ƙasa, dama da hagu, yaro ya nuna da yatsunsa inda suka fuskanta. Akwai mai siffofi huɗu, gida da zobe da murabba'i da ɗan itace, a ba yaro kati mai irin su a hannu ya riƙa taɓa wanda aka nuna masa. Ɗan shekara 3 ya fi jin daɗin mai siffofi. Akwai kuma manhajar waya mai suna Peek Acuity da ake amfani da ita daga nisan mita 2.

A auna nisan da aka rubuta a jikin allon da awo na gaske, mita 3 ko mita 6, a shata layi a ƙasa, kada a yi ƙiyasi da taku. Allon ya kasance daidai tsayin idon yaron, cikin haske mai kyau, rana ba ta dukan fuskarsa. A fara koya masa wasan a kusa da idanu biyu a buɗe har ya gane. Sannan a manne ido ɗaya da filasta. Kada a bar shi ya rufe da hannunsa: yara suna leƙe ta tsakanin yatsu ba da niyyar cuta ba, so suke su ba da amsa daidai, wasu kuma suna danne idon har ya yi hazo. A nuna layi cikakke, kada a rufe sauran alamomin a bar guda ɗaya, domin ido mai rauni yana iya karanta alama in tana tsaye ita kaɗai amma ya kasa in tana cikin 'yan'uwanta. Kuma sauran yaran da ke jiran layi su zauna inda ba sa ganin allon, in ba haka ba za su haddace.

Lambar 6/12 tana nufin sai yaron ya matso mita 6 yake ganin abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 12. A tura ɗan shekara 3 da ya kasa layin 6/15, ɗan shekara 4 da ya kasa 6/12, ɗan shekara 5 zuwa sama da ya kasa 6/9. A tura duk yaron da idanunsa suka bambanta da layi biyu, ko da kowane ido ya ci nasa gwajin. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai, a sake gwada shi wata rana kusa. In ya sake ƙi, a tura shi, kada a rubuta shi cikin waɗanda suka ci.

Me uwa za ta iya lura da shi a gida?

Karkatar kai gefe ɗaya ko ɗaga haɓa in zai kalli abu. Runtse ido ɗaya da zarar ya fita rana, wanda yawanci alamar idon da ke zamewa waje ce, kuma ta fi fitowa in yaro ya gaji, ko yana zazzaɓi, ko ya yi zuru yana tunani. Idanu masu rawa ba tsayawa. Manna allo ko littafi a fuska. Idan karkatar mai zuwa ce tana tafiya, a ɗauki hoto ko bidiyo da waya lokacin da ta fito, a nuna wa likita, don sau da yawa a gaban likita idon yana tsayawa cak. A riƙa duba hotunan da aka ɗauka da filashi ma: idan tsakiyar ido ɗaya yana fitowa fari a hoto fiye da ɗaya, a kai shi.

Wace alama ce ba ta jiran gobe?

Fari a tsakiyar idon yaro, ko ƙyalli irin na idon kyanwa da dare. Yana iya zama yana, yana kuma iya zama kansar bayan ido, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan kansar tana warkewa in an kama ta tana cikin ido, tana kisa in ta fita. Alamarta ta biyu bayan farin ita ce karkatar ido, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ba ma yarda a ce a bar jariri mai harara-garke sai ya girma. Yanar da aka haifi jariri da ita a ido ɗaya ana so a cire ta wajen mako 6 na farko, ta idanu biyu kuma ba da nisa da hakan ba. Kowane wata da aka ƙara, ganin da za a samu bayan aikin yana raguwa.

Haka nan karkatar da ta faɗo farat ɗaya tare da ciwon kai, amai, layi wajen tafiya, ko yaro ya ce yana ganin abu biyu, ko bayan faɗuwa, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan na sashen gaggawa ne a ranar.

Don me ake ɗiga wa yaro magani kafin a auna masa tabarau?

Madubin da ke cikin idon yaro yana da ƙarfin lanƙwasa sosai, yana ɓoye ainihin lambar da idon ke bukata. Maganin yana sassauta tsokar da ke lanƙwasa shi, yana kuma buɗe baƙin tsakiya don likita ya ga bayan ido. Ana jira minti 30 zuwa 40. A idanu masu duhu irin namu wani lokaci sai an maimaita ɗigon, ko a ba uwa wani magani mai ƙarfi, atirofin, ta sa na kwana 3 kafin ranar awo. Yaron zai ga hazo a kusa kuma rana za ta dame shi na kwana ɗaya ko biyu, da atirofin kuma har mako ɗaya zuwa biyu. Awon da aka yi wa ƙaramin yaro ba tare da wannan ɗigon ba, ba abin dogaro ba ne.

Ɗan shekara biyu da tabarau? Ba zai ƙara lalata masa ido ba?

Ba zai lalata ba. Rashin sa shi ne ke lalatawa. Akwai karkatar ciki da ke fara bayyana tsakanin shekara 2 zuwa 3, wadda asalinta yaron yana dagewa ne don ya ga abu sarai, dagewar kuma tana jawo idon wajen hanci. Irin wannan tabarau kaɗai yana miƙar da ita, in an cire ta dawo, in an mayar ta tafi. Dawowar ba ta nufin tabarau ya jawo cuta, tana nuna yana aikinsa ne.

A raunin gani ma tabarau ne matakin farko. Ana sa shi wuni duka na wata 3 zuwa 4 kafin a ƙara wani magani, kuma yara da dama suna samun sauƙi mai yawa da shi kaɗai. A nemi gilashin roba marar fashewa, da firem mai laushi da ya zauna a karan hanci, da igiya ta bayan kai. Firem da ya yi girma yana zamewa, yaron ya riƙa kallo ta samansa, an yi asarar kuɗi da lokaci. Tabarau na kan tebur a kasuwa na karatun manya ne, ba ya yi wa yaro komai.

Me ya sa ake rufe idon mai lafiya, ba marar lafiyar ba?

Don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta yi aiki da idon da ta yi watsi da shi. Ana manna filastar ido a kan fata kai tsaye, tabarau ya hau samanta. Rauni matsakaici yawanci awa 2 a rana ya isa, mai tsanani kuma har awa 6. Likita ne ke yanke adadin, kuma ba a ƙarawa da ka, domin rufe ido fiye da kima, musamman a jariri, yana iya raunana mai lafiyar. Shi ya sa komawa asibiti a ranar da aka ba da, yawanci bayan mako 6 zuwa 12, wani ɓangare ne na maganin.

Makon farko shi ne mai wuya, kuma a nan yawancin iyaye suke sarewa. An rufe wa yaro idon da yake gani da shi, dole ya yi kuka ya ɓamɓare. Kada a yi masa duka, kada kuma a tausaya a bari. A fara da minti 20 ko 30 a riƙa ƙarawa. A zaɓi lokacin da wani babba yake kusa ya shagaltar da shi da aikin hannu: zane, tsintar wake, zura duwatsun ado a zare, rubutun allo. Kaka takan zama ita ce mai cire filastar don tausayi, don haka a zaunar da ita tun farko a ce mata, "Inna, likita ya ce wannan ne maganinsa, awa biyu ne kacal, ki taya mu lallashinsa." Idan yana zuwa makaranta, a sanar da malaminsa don ya hana tsokana, ko a mayar da rufewar bayan an tashi.

Zafin Maris da Afrilu a Birnin Kebbi da Argungu yana sa gumi ya ɓamɓare filasta, fata kuma ta yi ƙuraje. A yi rufewar da sassafe ko bayan la'asar, a wanke fuska a shanya ta bushe kafin a manna, a jiƙa filastar da ruwa kafin a cire. Idan fatar ta ƙi, ana iya ɗinka murfin yadi mai kauri a zura a jikin tabarau, muddin ya rufe har gefe da saman hanci, babu kafar leƙe. In ganin ya gyaru ba a dainawa rana ɗaya, ana rage awoyin a hankali, domin kusan yaro 1 cikin 4 raunin yana dawo masa a shekarar farko bayan an daina.

Idan ya ƙi filastar sam-sam fa?

Likita na iya ba da atirofin, ɗigo ɗaya a idon mai lafiya, sau da yawa kwana 2 kawai a mako. Yana sa wa idon hazo a kusa, sai yaron ya koma amfani da mai raunin. A rauni matsakaici sakamakonsa ya yi kusa da na filasta. Bayan an ɗiga, a danne lungun ido na gefen hanci na minti ɗaya zuwa biyu don kada maganin ya gangara maƙogwaro, a wanke hannu. Maganin yana rage gumi, abin lura ne a lokacin zafi: in fuskar yaron ta yi zafi, bakinsa ya bushe, zuciyarsa na bugawa da sauri ko ya rikice, a daina a kai shi asibiti. A sa masa hula mai baki in zai fita rana. Kwalbar guba ce in yaro ya sha, a kulle ta. Ba magani ba ne da za a saya a kyamis da shawarar maƙwabci.

Yaushe ake yin aiki, kuma ana ciro idon ne?

Ba a ciro ido. Kowane ido yana da tsokoki 6 da ke juya shi. Likita yana shiga ta farar fatar da ke saman idon, ya sassauta tsokar da ta yi ƙarfi ta hanyar mayar da mazauninta baya da 'yan milimita, ko ya rage tsawon wadda ta yi sanyi. Ana sa yaron barci, don haka a bi umarnin hana abinci da nono kafin aikin yadda aka faɗa. Idon yana yin ja na 'yan makonni. Wasu yaran suna bukatar aiki na biyu.

Ana yin sa ne ga karkatar da tabarau bai gyara ba. Babbar karkatar ciki da ta bayyana a wata 6 na farko an fi so a yi mata aiki da wuri, kafin shekara 2. A sani cewa aikin yana miƙar da ido ne, ba ya maganin raunin gani. Shi ya sa ake fara tabarau da filasta, kuma ana iya ci gaba da su bayan aikin.

'Yata ta kai shekara 10. An makara ke nan?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma maganin ya fi ci kafin shekara 7. Amma ba a rufe ƙofa ba. Yara da dama 'yan shekara 7 zuwa 12 suna samun ƙarin gani, har da wasu matasa da ba a taɓa yi musu magani ba. A kai ta. Miƙar da ido da aiki kuwa ana yin sa a kowane shekaru, har ga manya.

Gaskiya ne kwantar da jariri kusa da fitila ko kallon waya ke jawo harara-garke? Kwalli yana gyarawa?

Fitila ba ta jawo ta, haka kwantar da jariri ta gefe ɗaya, haka abin da uwa ta kalla ko ta yi wa dariya tana da ciki. Gado yana da hannu, amma tana samun yaron da babu mai ita a danginsu. Waya dai ya kamata a rage wa ƙananan yara ita a fitar da su wasa a fili, amma yaron da idonsa ya karkace awo yake bukata, ƙwace waya ba ta isa ba.

Kwalli ba ya miƙar da ido, kuma da yawa daga cikin wanda ake sayarwa yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Ruwan nono, ruwan sukari, ruwan ganye da makamantansu suna iya shigar da ƙwayar cuta su bar tabo. Magungunan ɗigawa na kyamis masu kashe ja da ƙaiƙayi nan take, in an daɗe ana sa su, suna iya jawo hawan jinin ido da yana.

Ina za mu je a Kebbi, kuma me za mu tafi da shi?

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi a yi gwajin haske da na tocila, a karɓi takardar turawa. A babban asibitin Argungu, Yauri, Zuru ko Jega, a tambaya ko akwai ma'aikacin ido da ranar da yake zama. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi yana da sashen ido. Aikin da ya fi ƙarfin jiha ana tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.

A tafi da katin rigakafi, da tsohon tabarau in akwai, da duk kwalbar maganin da aka taɓa ɗiga masa, na asibiti ko na gargajiya, da hotunan yaron tun yana jariri, don suna nuna lokacin da karkatar ta fara. Wanda ya fi sanin yaron ne ya kamata ya raka shi, domin za a tambayi wane ido ne ke karkacewa, tun yaushe, kullum ne ko jefi-jefi, da ko an haife shi a kan lokacinsa. A yi sammako, a tafi da abinci da ruwa da hula, don ɗigon awo da jiransa suna cin rabin wuni. Kafin a fito a tabbata an rubuta ganin kowane ido, da awoyin rufewa, da idon da za a rufe, da ranar dawowa.